Girman Kai, Cika Baki da Taƙama: Gyara ga Yadda Ɗalibai ke Fassara Kalmomin Ingilishi na Masu Fariya

Tumbutu gunduma ce daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville, a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin, kuma kada a rikita ta da Tambutu ta ƙasar Mali. Kogin Kwara ne ya raba wannan yanki da ƙasar Nijar, gada kuwa ta haɗa Malanville da garin Gaya, daga Gaya kuma zuwa Kamba ta jihar Kebbi tafiya ce kaɗan. Yaron da ya tashi a nan yakan ji Dendanci a gida, ya yi karatu da Faransanci, ya yi ciniki da Hausa a babbar kasuwar Malanville, sannan Ingilishi ya same shi ta hanyar makarantar sakandare da wayar hannu da maƙwabtaka da Nijeriya. Irin wannan ɗalibi kullum cikin fassara yake, ko ya sani ko bai sani ba. Aikin kuwa ƙaruwa zai yi, domin a shekarar 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, suka bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

A ɗauka an miƙa wa wannan ɗalibi jerin kalmomin da Ingilishi ke siffanta mai yabon kai da su: braggart, blowhard, windbag, loudmouth, show-off, pompous, conceited, arrogant. Abin da aka fi gani a takardun ɗalibai shi ne a jera wa kowacce amsa guda: mai girman kai. Wanda ya ɗan ƙoƙarta ya ƙara da mai alfahari. Wannan kuskure ne mai illa biyu. Yana ɗora wa mutum laifin da ya fi wanda marubucin asali ya ɗora masa nauyi, kuma yana sa kalmomin Hausa masu yawa su kwanta dama a bakin matasa saboda rashin amfani. Hausa ta rarrabe wannan hali fiye da yadda ɗalibai ke zato, kuma mizanin da ta yi amfani da shi ya sha bamban da na Ingilishi.

Inda Kalmomin Ingilishi Suka Fito

Da yawa daga cikin kalmomin Ingilishi na wannan fanni hoton iska da kumburi ne a cikinsu. Windbag jaka ce cike da iska. Blowhard mutum ne mai hura iska da ƙarfi. Bombast, wadda a yau ke nufin maganar da aka cika ta da manyan kalmomi marasa ma'ana, asalinta a ƙarni na 16 sunan audugar da ake cusawa cikin tufafi ne don su kumbura su ba mai su cikar jiki. Manomin Banikoara ko Kandi, inda auduga take babbar sana'a, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane hoton: abu ne mai cika buhu amma babu nauyi a ma'auni.

Wani rukunin kuma daga sunayen mutanen littattafai aka samo shi. Braggadocio ta fito daga sunan wani matsoraci mai cika baki a doguwar waƙar Edmund Spenser mai suna The Faerie Queene, wadda kashinta na farko ya fito a 1590. Rodomontade ta fito daga Rodomonte, wani sarki mayaƙi a waƙoƙin Italiyawa biyu, Boiardo da Ariosto. Stentorian, wato murya mai ƙarfi ƙwarai, daga Stentor ta fito, wani mai shela a waƙar Iliad ta Girkawa da aka ce muryarsa ta kai ta mutum hamsin. Gasconade kuwa daga sunan mutanen Gaskoniya ne, a kudu maso yammacin Faransa, waɗanda maƙwabtansu suka laƙaba wa halin cika baki. Shi ma Faransancin da ɗalibin Tumbutu ya koya a aji yana da nasa: vantard, fanfaron, da m'as-tu-vu, wadda a zahiri tambaya ce, wato "ka gan ni?", aka mayar da ita sunan mai son a kalle shi.

Abin lura a nan shi ne yawancin waɗannan kalmomi na ba'a ne. Mai amfani da su dariya yake yi wa mutumin, yana nuna cewa ƙararsa ta fi aikinsa. Hukunci a kan zuciyarsa ko addininsa bai shigo ciki ba. Kalmomi kaɗan ne irin su arrogant da haughty ke kai wa ga zargin raina mutane.

Yadda Hausa ta Raba Halin

Hausa takan fara da tambayar inda aibin yake zaune. Idan a zuciya yake, to shi ne girman kai: mutum ya ɗauki kansa sama da sauran mutane, ya ƙi gaida na gaba, ya ƙi karɓar gyara. Mai girman kai yana iya zama shiru-shiru, ba a taɓa jin muryarsa a taro ba. Jiji da kai ya fi shi sauƙi kaɗan, domin shi mai jiji da kai shagala ya yi da kyaunsa ko iliminsa ko asalinsa, ko da bai kai ga wulaƙanta kowa ba. Malamai sukan ƙara da kalmomin da aka aro daga Larabci, kamar takabburi da ujubu, idan wa'azi ake yi.

Idan aibin a baki yake, kalmomin daban ne. Cika baki shi ne mutum ya yi alkawarin abin da ba lallai ya iya ba, ko ya faɗi bajintar da bai yi ba. Fariya, ko fahariya, ita ce yawan ambaton abin da mutum ya mallaka ko ya aikata don a ji. Homa ma a nan take. Kuri da kurari sun ƙara da ɗaga murya da tsoratarwa, irin wanda ake yi gabanin faɗa. Bahaushe ya tanadi amsar wannan rukuni tun da daɗewa, inda ya ce wanda ya ce zai iya haɗiye gatari a riƙe masa ƙota. Mai cika baki gwaji ake kai shi, ranar gwaji kuwa ko dai ya fita kunya ko ya sha dariya.

Idan kuma a jiki da sutura abin yake bayyana, sai a ce taƙama, wato tafiyar ƙasaita da jan jiki, ko yanga, ko ƙwalisa idan ado ne ya yi yawa. Hura hanci da ɗaga kai suna nuna yanayin fuska da yadda mutum ke karɓar wanda ya zo wurinsa da bukata. Hausar zamani ta ƙara da ɗan ƙarya, wanda ba maƙaryaci ake nufi da shi ba kai tsaye: shi ne mai nuna arzikin da bai kai ba, mai aron mota ko babbar riga don a ce wane ne. Wannan ita ce ta fi kusa da show-off a yawancin wurare.

Akwai kuma kalmomin da ke duban abin da mutum ya jingina da shi. Tinƙaho ba ya tsayawa shi kaɗai. Da wani abu ake yin sa. Wane yana tinƙaho da ubansa, ko da muƙamin yayansa, ko da takardar digirinsa. Nuna isa kuwa sai mai ɗan iko a hannu, kamar ma'aikacin da ya bar mutane a tsaye a bakin ofis don kawai su san da shi. Burga tana duban manufa: a tsorata mutum ko a cika masa ido da abin da babu shi. Daga tushe guda ta fito da aikatau burge, wanda a yau yabo ne, kamar a ce aikinta ya burge kowa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ɗalibi cewa tazarar da ke tsakanin yabo da zargi a wannan fanni ƙarama ce.

Hoton iska ma Hausa tana da nata. Holoƙo hadarin kaka ne, mai tasowa da ƙura da rugugi ya wuce ba ɗigon ruwa. Fankan fayau abu ne mai girma a ido, ciki kuwa wayam. Wanda ya fassara blowhard ko windbag da ɗayan waɗannan ya riƙe ma'anar, ya kuma riƙe dariyar da ke cikinta.

Nauyin Girman Kai

Dalilin da ya sa bai kamata a riƙa jefa girman kai ko'ina ba shi ne nauyinsa a al'ada. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. Girman kai yana rusa ladabi da kunya da mutunta mutane gaba ɗaya. Shi ya sa karin magana ta kira shi rawanin tsiya. Ta fuskar addini kuma, ɗalibin da ya yi makarantar allo ya san aya ta 18 da ta 19 na Suratu Luƙman, inda aka haɗa hani ga tafiyar alfahari da umarnin sassauta murya. Saboda haka idan aka ce wane mai girman kai ne, an taɓa mutuncinsa da tarbiyyar gidansu, har ma da addininsa.

A ɗauka wani Bature ya rubuta game da wani ɗan kasuwar albasa cewa a bit of a show-off ne, yana nufin mutumin yana son sabuwar riga da babbar waya. Mai fassara ya juya shi zuwa Hausa ya ce mai girman kai ne. Idan maganar ta koma kunnen mutumin a kasuwa, za ta iya ɓata huldar shekaru, alhali abin da aka faɗa tun farko bai wuce a ce yana da ɗan son burga ba. Haka abin yake a labaran rediyo, da fassarar finafinai, da tafinta a gaban alƙali, inda kalma guda kan canja yadda ake kallon shaida.

Batun Ɗaga Murya

Kalmomin Ingilishi sukan haɗa ƙarar murya da jin kai wuri guda, kamar dai mai ihu shi ne mai ɗaukar kansa babba. A al'adar Hausa akasin haka aka fi sani. Babban mutum ba ya ɗaga murya. Sarki a fada yakan yi magana ƙasa-ƙasa, wani ya maimaita wa jama'a. Fadawa su amsa gaisuwa a madadinsa. Sanƙira da maroƙa su ɗaga murya su faɗi asalinsa da ayyukansa. M. G. Smith ya yi nazarin wannan tsari a maƙalarsa ta 1957 kan roƙo a ƙasar Hausa, inda ya nuna yadda yabon maroƙa ke bayyana matsayin mutane a cikin al'umma. Ma'anar wannan ga mai fassara ita ce, a idon Bahaushe, yawan hayaniya alama ce ta rashin kamun kai, kuma sau da yawa ta ƙarancin matsayi. Mai jin kansa na gaske shiru yake yi, ya bar wasu su yi masa ihun.

Don haka loudmouth ba ta da alaƙa da girman kai a Hausa. Mai ɓaɓatu ne, ko mai kwakwazo, ko mai kwarmato idan asirin mutane yake tonawa da ƙarfi, ko mai sakin baki idan ba ya tauna magana. Sannan dole a ware waɗanda ɗaga murya sana'arsu ce. Ɗan kamasho a tashar motar Malanville da ke kiran fasinjan Kandi da Parakou, da dillalin da ke koɗa buhun shinkafa, da mai talla, babu wanda za a kira da ɗayan waɗannan sunaye, domin abincinsu suke nema.

Kirari: Yabon Kai da Aka Yarda da Shi

Babban abin da jerin kalmomin Ingilishi ba su tanada ba shi ne fagen da al'ada ta halatta wa mutum ya yabi kansa da bakinsa. Karin magana ta ce yabon kai jahilci ne, amma ita al'adar da ta faɗi haka ita ce ta ba maharbi da ɗan tauri da ɗan dambe da ɗan kokawa damar tsayawa a tsakiyar fili su yi wa kansu kirari. A gasar kokawa ta neman takobin ƙasa a Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, kirarin 'yan kokawa yana daga cikin abin da jama'a ke zuwa ji. Mutanen Gaya da maƙwabtansu na ƙetaren kogi sun san Issaka Issaka na jihar Doso, wanda ya ɗauki takobin sau da dama. A fagen dambe kuma sunan Shago da mawaƙinsa Ɗan'anace ya isa misali.

Abin da ya raba kirari da cika baki abu uku ne. Na farko fage: a fili ake yin sa, a lokacin da aka keɓe masa. Na biyu gwaji: mai kirari zai shiga karawa nan take a gaban waɗanda suka ji shi, don haka maganarsa bashi ce da zai biya kafin a watse. Na uku tsari: kirari yana da salonsa da kalmominsa na gado, kuma jama'a sun san wasa da fasaha ne. Idan ɗan kokawa ya ɗauki irin wannan magana ya kai ta zauren ɗaurin aure, nan take ta koma fariya.

Wannan ya shafi fassara ta ɓangarori biyu. Wanda ya juya kirari zuwa Ingilishi ya kira shi boasting kawai ya mayar da fasaha aibi. Wanda kuma yake ba da labarin ɗan damben Amurka Muhammad Ali da Hausa, mutumin da 'yan jaridar ƙasarsu suka yi wa laƙabi saboda kaifin bakinsa, zai fi dacewa ya ce kirari yake yi gabanin karawa, domin a fage yake yi kuma yakan shiga ya gwada. Bahaushe mai sauraro zai fahimci mutumin fiye da yadda kalmar braggart za ta fahimtar da shi.

Hujjar Masu Ganin Abin Bai Kai Haka Ba

Akwai masu cewa wannan tsanantawa ce. Hujjarsu ita ce ɗalibi mai jarrabawa ko mai fassarar labarai cikin gaggawa yana bukatar kalma guda da kowa zai gane, girman kai kuwa daga Agadas har Kumasi babu wanda bai san ta ba, alhali homa ko tinƙaho ba kowane yaron birni ne ya saba da su ba. Suna ƙara da cewa iyakokin da ke tsakanin waɗannan kalmomi ba a tsaye suke ba: wani ya ce taƙama inda wani zai ce fariya, kuma karin harshe yana da tasiri, tunda Hausar yamma da ake ji a Kebbi da Doso ta bambanta da ta Kano a lafazi da zaɓin kalmomi.

Akwai gaskiya a cikin wannan, musamman batun shigar ma'anoni cikin juna. Alfahari kanta misali ce: a da an fi jin ta a matsayin aibi, a yau kuwa uba yakan ce yana alfahari da 'yarsa da ta gama jami'a, ba wanda zai ga laifinsa. Sai dai shigar ma'anoni cikin juna ba ta nufin duk ɗaya suke. Kore da shuɗi ma suna haɗuwa a wani wuri, amma marini bai taɓa rikita su ba. Batun cewa yara ba su san kalmar ba kuwa, shi ne ma dalilin koyar da ita. Kalmar da malamai da 'yan jarida suka daina amfani da ita saboda tsoron ba za a gane ba, ita ce gobe za a ce ta tsufa. Kayan aikin kuma suna nan: ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ya rage shi ne ɗalibi ya daina tsayawa a kan ma'anar farko da idonsa ya faɗa a kai, ya karanta misalan da ke ƙarƙashinta, sannan ya gwada kalmar a kunnen tsofaffin unguwarsu.

Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Yi

Kafin ɗalibi ya zaɓi kalma, ya kamata ya yi wa kansa tambayoyi uku. Ina aibin yake: a zuciya, ko a baki, ko a jiki? Mutumin yana da abin da yake faɗa, ko babu? Marubucin asali dariya yake yi, ko zargi? Amsoshin za su kai shi ga kalmar da ta dace. Arrogant ita ce ta cancanci mai girman kai. Conceited mai jiji da kai ne. Braggart mai cika baki ne ko mai fariya, gwargwadon ko alkawari yake yi ko lissafin dukiya. Swagger taƙama ce, bluster kuwa burga ko kurari. Jami'in da aka kira pompous mai hura hanci ne ko mai nuna isa. Bigwig kuma, wadda ɗalibai ke yawan cusawa cikin wannan jeri, ba ta nufin mai yabon kai ko kaɗan: daga manyan hulunan gashin da masu muƙami ke sawa a Ingila ta samo asali, kuma a Hausa ƙusa ce, ko ɗaya daga cikin masu faɗa a ji.

Malaman da ke koyar da fassara su ma da nasu aikin. Jerin kalma da kishiyarta a allo ba ya koyar da wannan bambanci. Ya fi amfani a ba ɗalibai jimla guda a cikin yanayi uku, misali ɗan kokawa a fage, da ɗan kasuwa a majalisar hira, da ma'aikaci a ofis, kowannensu yana faɗin cewa babu kamarsa, a ce su sa wa kowanne suna. Ɗalibin Tumbutu yana da wata dama da takwaransa na Kano ba shi da ita, domin yana iya auna kalmar a Dendanci da Faransanci kafin ya yanke hukunci. Wanda ya saba jin abu guda da harsuna huɗu ya riga ya san cewa ba kasafai kalmomi biyu ke yin daidai wa daida ba, kuma wannan sanin shi ne farkon aikin mai fassara.